JESSE OWENS: ƘAFA TA SAMO SUNA, BAKI YA CI DA GIDA

A wannan fitowa filin namu na tarihin mashahuran mutane ya leƙa ƙasar Amurka ne, domin ya kawo muku labarin wani baƙar fata wanda duniya ta sani da gudu, watau Jesse Owens. Duk wanda ya taɓa jin sunansa, abin da zai fara ce maka shi ne, ai mutumin nan ne da ya ci lambobin zinare huɗu a gaban Hitila. Haka ne kuwa. Amma wannan aiki cikin mako guda ya yi shi, yana ɗan shekara 22. Sauran shekaru arba'in da 'yan kai da Allah ya ba shi, mafi yawansu a tsaye ya yi su gaban lasifika, yana jawabi wajen liyafar 'yan wasa, da bukukuwan ba da kyaututtuka, da ranar wasannin makarantu. Da baki ya riƙe iyalinsa, alhali kuwa da i'ina ya taso.

An haife shi ran 12 ga Satumba, 1913, a wani ƙauye da ake kira Oakville cikin jihar Alabama, can kudancin Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya goma. Kakanninsa bayi ne. Ubansa, Henry Owens, ba shi da gonar kansa, gonar wani yake nomawa auduga, in an girbe a raba, kuma bayan mai gona ya cire bashin iri da na abinci, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Yaron ya taso da yawan ciwon ƙirji, ga kunya, ga i'ina. Yana wajen shekara tara uban ya kwashi iyali suka yi arewa, zuwa birnin Cleveland na jihar Ohio, inda ake samun aiki a masana'antun ƙarfe, kamar dai yadda dubban baƙaƙe suka riƙa yi a wancan zamani.

Sunansa na yanka James Cleveland, a gida kuma harufan farko na sunayen biyu ake kiransa da su, J.C. Ran da aka kai shi makaranta malama ta tambayi sunansa, ya faɗa da karin harshen mutanen kudu, ita kuwa sai ta ji kamar Jesse ya ce, ta rubuta haka. Kunya ta hana shi gyara mata. Wanda duk ya taɓa kai ɗansa makaranta a garin da ba a jin harshensa, ya san yadda suna ke sauyawa a bakin malami. To shi nasa haka ya bi shi har kabari.

A ƙaramar sakandare ta Fairmount ya haɗu da malamin wasanni, wani Bature mai suna Charles Riley. Da yake yaron yana zuwa aikin neman kwabo bayan an tashi daga makaranta, sai Riley ya riƙa horar da shi da sassafe kafin a shiga aji. Wata rana malamin ya gayyato Charley Paddock, wanda ya ci tseren mita 100 a wasannin Olamfik na 1920, ya zo ya yi wa yara jawabi. Owens ya sha faɗa daga baya cewa ran nan ne ya ƙudurta a ransa shi ma sai ya zama zakaran duniya. A riƙe wannan, domin shi ne asalin imanin da ya yi da jawabi. Ya ga abin da tsayuwar zakara ta 'yan mintoci a gaban yara ta yi masa shi kansa.

A 1933, yana ɗalibin sakandare, ya yi gudun yadi 100 cikin sakan 9.4 a birnin Shikago, daidai da bajintar duniya ta lokacin. Daga nan ya shiga Jami'ar Jihar Ohio. Ba a ba shi tallafin karatu ba, ba a kuma yarda ya kwana a ɗakunan ɗalibai tare da fararen fata ba. Aikin da aka samar masa shi ne tuƙa lif ɗin kaya a wani ginin gwamnatin jihar, watau na'urar nan mai hawa bene. Mai horar da shi, Larry Snyder, da ya lura yaron zai yi suna kuma 'yan jarida za su yi ta sa masa lasifika a baki, sai ya tura shi ajin koyon furuci. Ya kuma riƙa zuwa makarantu da ƙungiyoyi yana ɗan yin magana. Sannu a hankali i'ina ta kwanta, murya ta buɗe.

Ran 25 ga Mayu, 1935, a garin Ann Arbor, ya yi abin da har yau ake ba da labari. Cikin minti 45 kacal, kuma yana fama da ciwon baya saboda faɗuwa da ya yi a matakala, ya kafa sabuwar bajintar duniya har uku, ya yi daidai da ta huɗu. Dogon tsallen da ya yi ran nan, mita 8.13, sai da ya shekara 25 kafin a sami wanda ya wuce shi. A watan Yuli na shekarar ya auri Ruth Solomon, wadda suka san juna tun suna yara, suka kuma haifi 'ya'ya mata uku.

Sai maganar Balin, babban birnin Jamus, a watan Agusta na 1936. Hitila ya shirya wasannin ne domin ya nuna wa duniya fifikon jinsin Jamusawa. Owens ya ci mita 100 ran 3 ga wata, dogon tsalle ran 4, mita 200 ran 5, gudun miƙa sanda kuma ran 9. Kowane mai lambar zinare akan ɗora masa kambin ganye a ka, a miƙa masa dashen itace a tukunya ya kai gida. Wannan na ƙarshe, gudun miƙa sanda, da ma ba ya cikin waɗanda za su yi shi. Da safiyar ranar da za a fara ne masu horarwa suka cire Yahudawa biyu da ke cikin 'yan tseren Amurka, Marty Glickman da Sam Stoller, suka sa Owens da Ralph Metcalfe. Glickman ya ba da shaida cewa a wajen taron Owens ya buɗe baki ya ce shi ya ci nasa, a bar yaran su yi, aka daka masa tsawa cewa ya yi abin da aka sa shi. Ya yi shiru, ya yi gudun. A ganina cikin duk maganganun da ya yi a bainar jama'a, wannan 'yar gajeruwa ta cikin ɗaki tana cikin waɗanda suka fi nauyi.

Yanzu bari mu tsaya kan labarin da kowa ya sani, wai Hitila ya ƙi ba shi hannu. Ga yadda abin ya faru. Ranar farko ta wasanni Hitila ya kira waɗansu Jamusawa da mutanen Finlan da suka yi nasara ya gaisa da su, sa'an nan ya bar filin kafin a ba Cornelius Johnson, wani baƙar fatar Amurka da ya ci tsallen sama, tasa lambar. Shugabannin Olamfik suka ce masa ko dai ya gaisa da kowa, ko kuwa ya bari gaba ɗaya. Ya zaɓi ya bari. Saboda haka ran da Owens ya fara cin nasa, Hitila ya riga ya daina kiran kowa a bainar jama'a. Ba wai muna wanke Hitila ba ne, ƙiyayyarsa ga baƙar fata a rubuce take. Amma Owens da kansa, da ya dawo gida, ya riƙa gaya wa taro cewa shugaban Jamus ya ɗaga masa hannu, wanda ya yi biris da shi kuwa shi ne shugaban ƙasarsa, Franklin Roosevelt, wanda ko wayar tangaraho ta taya murna bai aiko masa ba, balle gayyata zuwa fadar gwamnati.

Kafin ma ya dawo ɗin ya riga ya shiga matsala. Hukumar wasannin Amurka, ƙarƙashin Avery Brundage, ta yi ta yawo da 'yan wasan a biranen Turai suna tsere ana tara mata kuɗi, su ko ko sisi ba a ba su, domin dokar lokacin ta hana ɗan tsere karɓar lada. Da aka ce a wuce Suwidin, Owens ya ce ya gaji, ya shiga jirgin ruwa ya koma gida. Nan take aka dakatar da shi. Ka ji ƙarshen tserensa na gasa, bai ko cika shekara 23 ba. A birnin Niyok an yi masa jerin gwano a titi, amma kamar yadda ya riƙa bayarwa, da za a je liyafar da aka shirya dominsa a otal ɗin Waldorf-Astoria, ta lif ɗin kaya aka hau da shi. Lambar Sullivan kuma, wadda hukumar kan ba gwarzon ɗan wasan shekara, sai aka miƙa wa Glenn Morris, mai zinare guda.

Masu kuɗin da suka yi ta aiko masa da alkawura yana Balin, yawancinsu suka zame. Aikin kirki na farko da ya samu na baki ne: jam'iyyar Republican ta biya shi ya zagaya yana yi wa ɗan takararta Alf Landon yaƙin neman zaɓe. Jama'a suka cika wuraren taro domin su ga Owens, suka tafa masa, ran zaɓe kuma suka jefa wa Roosevelt. Jiha biyu rak Landon ya ci cikin 48. A watan Disamba na 1936 sai ga zakaran duniya a Habana ta ƙasar Kyuba yana tsere da doki. Dabarar ita ce a harba bindigar tashi kusa da kunnen dokin, kafin ya dawo hayyacinsa mutum ya yi nisa. Mutane suka ce wannan zubar da girma ne, shi kuwa amsarsa kullum ita ce lambar zinare ba ta ciyuwa. Ya buɗe kamfanin wanki da guga, ya karye a 1939. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki da kamfanin motoci na Ford a Detroit, yana kula da sha'anin ma'aikata baƙaƙe.

Ƙofa ta buɗe masa ne bayan ya koma Shikago a 1949. Ya shiga aikin kula da matasa, yana gabatar da shiri a gidan rediyo, gayyata kuma ta fara zuwa daga ko'ina. A 1950 kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe shi gwarzon ɗan tsere na rabin ƙarni. Lokacin kuwa Amurka na cikin yaƙin cacar baki da Rasha, kuma Rashawa na yi mata gori kan yadda take wulaƙanta baƙaƙenta, saboda haka gwamnati na bukatar baƙar fata mai suna, mai iya magana, wanda zai fita waje ya yabi ƙasar. A 1955 aka tura shi Indiya da Malaya da Filifin, a 1956 kuma ya wakilci Shugaba Eisenhower a wasannin Olamfik na Melbourne.

Yaya jawabin nasa yake? Waɗanda suka saurare shi sun ce muryarsa mai kauri ce, yana jan magana irin ta masu wa'azin coci, ya sassauta, ya ɗaga, ya dakata daidai inda ya kamata. Ga shi da tsaf-tsaf wajen sutura, ga haƙurin tsayawa ya sa hannu a takardar kowane yaro. Ba ya zuwa da sabon abu. Jawabai kaɗan gare shi da ya haddace, yana jujjuya su gwargwadon masu sauraro, ko 'yan sikawut ne, ko dillalan kamfani, ko 'yan wasan da za a ba kofi. Zai fara da gonar auduga, ya zo kan Riley da Paddock, ya ce kowa na da mafarki, mafarki kuma sai da tsani, matakan tsanin su ne niyya da sadaukarwa da horon kai da kyakkyawan hali. Sa'an nan ya rufe da Balin. Mutane kan tashi da ƙwalla a ido.

To a nan ne gizo ke saƙar. Mai jawabin da ke ci da bakinsa, masu gayyata ne iyayen gidansa, kuma sun san abin da suke so su ji. Ba wanda zai biya kuɗi a zo liyafarsa a ce masa shugaban Amurka ya fi Hitila yin biris da baƙar fata. A 1951 Owens ya koma filin wasa na Balin tare da 'yan ƙwallon kwando na Harlem Globetrotters, gaban mutum wajen 75,000, magajin garin Balin ta Yamma ya tarbe shi da cewa tun da Hitila ya hana shi hannu ɗaya, shi ga nasa biyu. Wa zai tsaya gyara wa mai masauki zance a irin wannan wuri? Da tafiya ta yi tafiya, Owens ya gaji da musu, ya bar labarin yadda ake so, har shi ma ya riƙa ba da shi haka.

Haka kuma labarin Luz Long, Bajamushen da ya zo na biyu a dogon tsalle. Yadda Owens ke bayarwa, ya ɓata tsalle biyu a zagayen share fage, saura ɗaya a fitar da shi, sai Long ya zo ya ba shi shawara ya riƙa tashi tun kafin ya kai katakon. Labari ne mai daɗi, kuma shi ya fi sa mutane kuka. Amma 'yan jaridar da ke filin ba su ga wannan ganawa ba, kuma wani marubucin wasanni, Tom Ecker, ya ce a 1965 Owens ya amsa masa cewa sai bayan an gama gasar suka san juna, sauran kuwa abin da mutane ke son ji ne. Abin da ba shakka a cikinsa shi ne, Long ya rungume shi a gaban manyan 'yan Nazi, suka zagaya fili hannu cikin hannu, akwai hotuna. Long ya mutu a yaƙi a tsibirin Sisili a 1943, Owens kuma ya nemi ɗansa bayan yaƙi suka ƙulla zumunci. Ni dai ina ganin gaskiyar kaɗai ta isa ta sa mutum ƙwalla, ba ta bukatar gishiri. Amma mai faɗin haka bai taɓa tsayawa gaban taro sau ɗari da labari ɗaya ba, ga kuɗin makarantar yara na jira.

Kuɗi sun shigo, sai dai hannunsa a sake yake, lissafi kuma ba ya dame shi ba. A 1966 kotu ta same shi da laifin ƙin shigar da takardun haraji na shekara huɗu. Ana tsammanin ɗauri, alƙali ya dubi hidimar da ya yi wa ƙasa ya ci shi tarar dala 3,000.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a wasannin Olamfik na Meziko a 1968, kuma a kan dandamalin ba da lambobi ta faru. Ran 16 ga Oktoba, Tommie Smith ya ci mita 200, tseren da Owens ya ci shekara 32 da suka wuce, John Carlos ya zo na uku. Da aka sa taken Amurka sai suka sunkuyar da kai, kowanne ya ɗaga dunƙulallen hannu cikin baƙar safa, ba takalmi a ƙafarsu, domin nuna halin da baƙaƙe ke ciki. Ba su ce uffan ba, amma duniya duka ta ji. Wata shida ke nan da kashe Martin Luther King. Shugaban kwamitin Olamfik na duniya a lokacin kuwa ba wani ba ne illa Brundage ɗin nan dai. Hukumar Amurka ta rasa wanda za ta aika ya lallashi sauran 'yan wasa kada su yi irin haka, sai ta tura Owens.

Taron bai yi daɗi ba. Ya nemi fararen 'yan wasan da ke ɗakin su fita domin ya gana da 'yan'uwansa, aka ce ba inda za su, ai goyon baya suka zo yi. Ya kawo zancen haƙuri da bin sannu, yaran suka ce sun ji wannan tun suna goye. Suka kira shi ɗan koren Turawa. Mutumin da ya saba a miƙe tsaye ana tafa masa, ran nan ya fita ransa a ɓace, Smith da Carlos kuma aka kore su daga masaukin 'yan wasa. Cikin fushi ya fitar da littafi a 1970 mai suna Blackthink, inda ya ce baƙin da bai ci gaba ba a Amurka shi ya so. Wasiƙun martani suka yi ta zuwa, har daga mutanen da yake ganin girmansu. Bayan shekara biyu ya sake fitar da wani, I Have Changed, watau ya sauya, inda ya janye da yawa daga maganganun, ya amsa cewa masu fafutuka suna da hujja. Dattijo mai shekara kusan sittin ya fito a rubuce ya ce yara sun fi shi gaskiya, wannan ba kowa ke iyawa ba.

Girmamawar da aka hana shi yana saurayi sai ta riƙa zuwa da furfura. A 1972 Jami'ar Jihar Ohio, wadda bai kammala ba, ta ba shi digirin girmamawa. Ran 5 ga Agusta, 1976, shekara arba'in cif da cin mita 200, Shugaba Gerald Ford ya rataya masa lambar 'yanci, mafi girman lambar farar hula a ƙasar, a fadar White House, gaban 'yan wasan da suka dawo daga Montreal. A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya sake karrama shi a wannan fada.

Ya yi shekara 35 yana shan kwalin taba guda kullum. A ƙarshen 1979 aka gano sankarar huhu. Yana kwance ma bai bar magana ba, domin ya nuna rashin yardarsa da shirin Carter na ƙaurace wa wasannin Mosko, yana ganin bai kamata a hana yaran da suka yi shekaru suna shiri zuwa ba. Ya mutu ran 31 ga Maris, 1980, a garin Tucson na jihar Arizona, yana da shekara 66, aka binne shi a Shikago.

Daga 1981 hukumar tsere ta Amurka ta fara ba da lambar gwarzon shekara da sunansa. A 1984 aka sa wa wani titi kusa da filin wasa na Balin sunansa, a shekarar kuma jikarsa ce ta shigo da wutar Olamfik filin Los Angeles, inda Carl Lewis ya ci irin zinare huɗun da ya ci. A 1990 Shugaba George Bush ya miƙa wa matarsa Ruth lambar zinare ta majalisar dokoki. Da aka yi gasar tsere ta duniya a filin nan na Balin a 2009, waɗanda aka kira su miƙa lambobin dogon tsalle na maza su ne jikar Jesse Owens da iyalin Luz Long.